Taɓon Sarkin Noman Oxford Road

Duk wanda ya zauna a Manchester a shekarar 2006 bai san Malam Sha'aban Uba ba, to zama kawai ya yi, bai ga gari ba. Allah ya yi wa garin nan baiwa da manyan jami'o'i, da asibitoci, da ruwan sama wanda ba ya gajiya, sannan ya cika ni'imarsa da Sha'aban. Mutum ne dogo, mai sanƙon da ya zo da wuri, mai murya irin wadda ba ta buƙatar lasifika. In ya hau bas a Oxford Road ba ya zama. Tsayawa yake ya kama ƙarfe da hannu ɗaya, ya bar ɗayan a sake, don ba a san lokacin da jawabi zai taso ba. Ɗalibai 'yan'uwansa suna kiransa Dakta-Saura-Ƙiris, saboda ya daɗe yana gab da gama digirinsa na uku. Shi kuwa ya fi son a ce masa Honarabul, kuma saboda tawali'u irin nasa, da kansa ya raɗa wa kansa sunan don kada ya ɗora wa kowa wahala.

Sha'aban manomi ne. Wannan kowa ya ji daga bakinsa. Gaskiya ne an haife shi a Nassarawa GRA a Kano, a gidan babban sakatare mai kuku da direba da mai ban-ruwan fulawa, amma ai wannan ba laifinsa ba ne, kuma bai hana shi zama ɗan talaka a zuci ba. Mahaifinsa yana da gona a hanyar Bichi, Sha'aban kuma ya sha zuwa. Yakan zauna a bayan mota, gilashi a rufe saboda ƙuda, yana kallon masu huɗa da idon tausayi. A nan ne, in ji shi, ya san zafin noma.

Abin da ya kawo shi Ingila wani Ba'amurke ne da ya mutu tun kafin a haifi kakansa, sunansa Silas Burdock. A kansa yake rubuta thesis ɗinsa, wato kundin digirin. Matanmu suka ga sunan yana wahalar da harshe, sai suka mayar da shi Malam Salisu na Amurka, kuma babu gidan Bahaushe daga Rusholme har Longsight da ba a san Malam Salisu ba, ko an so ko ba a so ba. A yadda Sha'aban yake ba da labarin, Salisu manomin masara ne a Kansas a ƙarshen ƙarni na sha tara. Damina ta yi kyau, rumbu ya cika, sai farashi ya faɗi, kamfanin jirgin ƙasa kuma ya tsauwala kuɗin dako har kai masara kasuwa ya fi ƙona ta asara. Salisu ya koma yana zuba masararsa a murhu yana jin ɗumi, banki kuma yana jiran ranar da zai ƙwace gonar. Da tura ta yi yawa sai ya hau bayan keken doki ya yi wa manoma 'yan'uwansa magana, suka ji ashe abin da ke cin ransu ne yake faɗa. Suka zaɓe shi ya tafi Majalisar Wakilai a Washington. Ranar da ya shiga zauren, da takalman gonarsa ya shiga, taɓo har ƙwauri. Ya tattake musu darduma, ya ce taɓon nan shi ne takardar shaidarsa.

A nan Sha'aban yake tsayawa ya share hawaye. Abin da ya sami Salisu bayan haka babi na huɗu ne, babi na huɗu kuwa ba a rubuta shi ba tukuna. Supervisor ɗinsa, Farfesa Alice, ta sha tuna masa cewa mutumin zango ɗaya ya yi, ya faɗi zaɓe, ya koma gonarsa ya ci gaba da huɗa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ita a ganinta nan ne ma labarin ya fi daɗi. Sha'aban yakan gyaɗa mata kai cikin ladabi. In ya fito sai ya ce mana matar tana da kirki, amma Bature bai san siyasa ba.

To, ana cikin haka sai kawunsa, wanda jigo ne a wata jam'iyya a gida, ya bugo waya. Zaɓen 2007 yana tafe, kuma akwai tikitin majalisar wakilai da ba a gama rabawa ba.

“Amma ka sani, ɗana,” in ji kawun, “masu jam'iyya sun ce ba su taɓa ganin ko akuya ta biyo ka ba. Ka ci wani zaɓe a can, ko na masu shara ne, ka aiko mini da hoto, sai in san abin da zan faɗa musu.”

Maganar ta zauna wa Sha'aban. Scholarship ɗinsa ƙarshen shekara zai ƙare, babi na huɗu kuma ko sallama bai yi ba. In ya koma Kano babu Dakta babu Honarabul, me zai ce wa mutanen da suka yi masa rakiya filin jirgi da motoci? Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ba a faɗa a jawabi. Dole a sami kujera, kuma dole a same ta kafin watan Disamba.

Kujera ɗaya ce a kusa, ta shugaban Ƙungiyar Hausawan Manchester da Birmingham. Aikin ƙungiyar ba wani mai ƙyalƙyali ba ne: a haɗa taron Sallah, a je suna, in an yi rashi a tsaya kan gawa har a binne. Yawancin membobinta iyalan Ghana ne masu aiki, sai ɗalibai 'yan Najeriya da ke zuwa in an ce akwai shinkafa. Mai riƙe da ita Baba Iddi ne, mutumin zangon Kumasi, tsohon direban bas a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, wanda ya yi shekaru yana roƙon Allah ya kawo wanda zai sauke masa wannan kaya saboda gwiwarsa. Da Sha'aban ya je ya durƙusa ya gaishe shi ya ce yana so, da an ba shi kujerar har da tukwicin shayi.

Sai dai Malam Salisu na Amurka bai roƙi kujera ba, yaƙi ya yi. Yaƙi kuwa sai da abokin gaba. Saboda haka Sha'aban ya sanar da duniya cewa Baba Iddi shi ne kamfanin jirgin ƙasa, shi ne banki, shi ne monopoly mai danne kasuwa shi kaɗai. Da maganar ta kai Birmingham aka yi wa tsohon bayanin monopoly, sai ya shafa gwiwarsa, ya ce to shi ke nan, a sa sunansa shi ma. An tsayar da ranar zaɓe bayan ƙaramar Sallah, a Sparkbrook.

Abu na farko da ɗan takara ya nema shi ne takalmi. Ya shiga wani shagon kayan lambu ya sayo na roba koraye masu kaiwa gwiwa, irin waɗanda Turawa ke kira wellies. Saura taɓo. A nan aka gane Manchester gari ne na ruwa amma ba na taɓo ba, ko'ina kwalta ce da siminti. Ya gwada park, ya shiga gefen fulawa yana tattakawa, wani dattijo mai yawo da kare ya tsaya yana kallonsa har ya tsargu. Da ya dawo gida kuma aka gano abin da ya tako ranar ba taɓo ba ne.

Allah da ikonsa, ashe maganin yana cikin flat ɗinsa. Matarsa Asama'u 'yar wani ƙauye ce kusa da Ɗambatta, tana aikin kula da tsofaffi a wani care home. A bakin tagar kicin ta jera robobin ice cream da tsohon bokiti, ta shuka yakuwa da attaruhu. Irin, mahaifiyarta ce ta ƙulle mata a bakin zane ranar da za ta taho, kuma mahaifiyar ta rasu Asama'u ba ta samu zuwa ba. Ƙasar ita ta haɗa abinta a hankali, da ganyen shayi da ɓawon ƙwai da abin da ta sani, har ta yi baƙi ta yi laushi. In ta dawo aiki, kafin ta cire hijabi sai ta leƙa tagar nan. Ba ta taɓa kiran kanta manomiya ba, don ba ta yi karatun da za ta san ita ce ba.

Sha'aban ya ɗauki ludayin miya ya ɗebi ƙasar, ya kwaɓa da ruwan famfo, ya shafe takalman da wuƙar shafa bota. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ƙara kaɗan wajen diddige. Wallahi sun yi kyau. Daga ranar ɗalibai suka ƙara masa sarauta, ya zama Sarkin Noman Oxford Road, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, bai tsaya tambayar ko da me ake nufi ba.

Fitar farko ta kamfe sunan ɗan Malam Gafaru ce a Longsight. Gida ya cika da masu ƙuri'a, ƙanshin waake da shito, shinkafa da wake da yajin 'yan Ghana, har titi. Sarkin Noma ya iso yana taku ɗaiɗai, babbar riga a sama, taɓo a ƙasa. Yana ɗaga ƙafa zai shiga, sai Safia matar gidan ta tare ƙofa, ta dubi sabuwar dardumarta mai ruwan madara, ta dubi ƙafarsa.

“Sannu da zuwa, Malam. Takalmi.”

A duk shekarun da ya yi yana nazarin siyasar Amurka, bai taɓa faɗo masa a rai ba cewa Majalisar Washington ba a yin sallah a kan dardumarta. Mu kuwa a falonmu ake ci, a nan ake sallah, a nan jarirai ke rarrafe, kuma ko Sarkin Noma ne sai ya tuɓe a bakin ƙofa. Haka ya cire su ya ajiye cikin silifas ɗin jama'a, ya shiga da safarsa ta siliki mai ɗan zanen lu'ulu'u, wadda ya saya a London.

Bai karaya ba. Ana gama addu'a ya miƙe.

“'Yan'uwana talakawa, 'ya'yan fartanya, jikokin garma. Ni da kuke gani ba ɗan ofis ba ne. I am a son of the soil. Tarihi ya maimaita kansa, abin da Silas Burdock ya yi wa Washington shi zan yi wa Birmingham. In kuna neman shaida, ga ta can.”

Ya nuna ƙofa da hannu. Jama'a suka juya gaba ɗaya, suna zaton naman ne ya iso. Da suka ga ba kowa, sai suka juyo suka ci gaba da kallon safar.

Haka kamfe ya kasance. Kowane gida ya je, shi a ciki, shaidarsa a waje. Ya gwada zama a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya a waje, aka ce ya rufe, sanyi yana shigowa, kuɗin gas ba wasa ba ne. Ya kira babban gangami a park inda ba mai cewa a cire takalmi, a watan Nuwamba, aka yi ruwa, tattabaru suka halarta. Wuraren da aka yarda ya shiga da takalman su ne bas, da library, da ɗakin jiran likita, kuma a duk cikinsu babu mai ƙuri'a ko ɗaya.

A bas ne ma ya sami wadda ta fara yaba masa. Wata tsohuwar Baturiya ta dubi takalman ta yi murmushi, ta tambaye shi ko yana da allotment, wato 'yar gonar da council ke ba mutane haya. Ta ce ita dodon-koɗi ya cinye mata kabeji bana, shi me yake sa wa nasa? Sarkin Noma ya gyara tsayuwa, ya yi mata bayanin kuɗin dakon masara a Kansas a shekarar 1890. Tsohuwar ta sauka tun kafin a zo tasharta.

Shi kuma taɓo ba ya zama. Yana bushewa, yana zubewa a kan hanya, kullum sai an sabunta. Robobin bakin taga suka fara ramewa. Attaruhu ya sunkuyar da kai, saiwar yakuwa ta fito fili. Da farko Asama'u ta zaci ɓera ne, har ta yi wa mai gidan haya ƙorafi. Ranar da ta dawo da wuri ta tarar da mijinta durƙushe a kicin da ludayi a hannu, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ajiye jakarta.

“Malam, ƙasata ce fa.”

“Ƙasar al'umma ce, Asama'u. Land belongs to the tiller.”

“To ai ni ce mai shukar.”

“Kin ga matsalarmu ke nan. Kina kallon roba, ni ina kallon tarihi. In na shiga majalisa zan saya miki gona mai borehole. Kowane juyin juya hali sai da sadaukarwa.”

“Irin Inna ne,” in ji ta. “Babu wani bayan wannan.”

Ya ce ya ji, kuma ya yaba da gudummawarta. Ita kuwa ranta ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da ba ya fitowa da hayaniya. Ta mayar da sauran ƙasar cikin bokiti ɗaya, ta dasa yakuwar da ta rage a ciki, ta ɗora shi can saman kabad inda haske ke ɗan taɓawa. Ta manta mijinta dogo ne.

Ana gobe zaɓe Sarkin Noma ya yi tunani mai zurfi, ya gano mafita. Tunda ba za a bar takalman su shiga a ƙafa ba, to za su shiga a kan tire. Ya kira matarsa ya ba ta muƙami.

“Zan cire su a bakin ƙofa kamar kowa. Ke kuma ki ɗora su a kan tire, ki rufe da farin ƙyalle. Da kin ji na ce ‘a kawo shaida’, sai ki shigo a hankali, ki tsaya a gabana. Ki lura, kada ko ɗigo ya zube. It's all about timing.”

Da safe Asama'u ta ga bokitinta a ƙasa, an yashe shi har gindi, yakuwar tana kwance a gefen sink. Ta jiƙa tsumma ta naɗe saiwar, ta sa a inuwa. Sannan ta wanke wata babbar robar ice cream ta jefa a jaka tare da tiren.

A babbar motar zuwa Birmingham takalman a cikin leda suka yi tafiya, a kan cinyar mai su, don kada ruwan sama ya wanke masa tarihi. Sai da suka sauka a Stratford Road ya laɓe a rumfar jiran bas ya sa su. Wurin taron wani zaure ne a saman shagon yadi, inda mutanen Sparkbrook ke sallah da karatun yara. Ya hau matakala yana barin alama a kowace, ya tuɓe a bakin ƙofa yadda kowa zai gani, ya shiga. Maza a gaba, mata a baya, zaure ya cika. Har an samo mai kyamara saboda hoton kawu.

To akwai Hajiya Mubarika, matar Baba Iddi, wadda ke kula da abinci. Ita ba ruwanta da monopoly. Abin da ta sani tun tana yarinya a zango shi ne baƙon da ya taso daga wani gari ba ya komawa da dauɗa a takalmi, in ba haka ba sai a ce mutanen gidan ba su da tarbiyya. Ta fito ɗaukar faranti ta ga takalman, tausayi ya kama ta.

“Wayyo, yaron nan a kwata ya faɗa ne? Kuma ba wanda ya kula.”

Ta kwashe su ta nufi kicin. Asama'u ta biyo da tire da farin ƙyalle, ta tarar Hajiya ta naɗe hannun riga tana neman buroshi. Kalma ɗaya za ta faɗa a fasa. Ta dubi takalman, ta dubi baƙar ƙasar nan da ta sani har da ɓarɓashin ɓawon ƙwai a jiki. Sai ta buɗe jaka ta fito da roba.

“Hajiya, a kankare a nan tukuna, kada ya toshe muku sink.”

“Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kin ga masu hankali.”

Suka kankare tsaf, Asama'u tana bin kowane lungu da cokali. Hajiya ta wanke da sabulu, ta ɗauraye, ta goge, sannan ta ɗiga ɗan man girki a tsumma ta bi su da shi don su yi sheƙi.

A cikin zaure kuwa Baba Iddi ya riga ya gama nasa jawabin. Cewa ya yi gwiwarsa tana ciwo, amma in an ce ya ci gaba zai ci gaba, kuma a tuna wata mota tana kan layin rawaya inda aka hana ajiye mota, mai ita ya je ya gyara. Ya zauna. Sarkin Noma ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ba mai kyamara ɓangaren fuskarsa da ya fi so.

Ya fara daga Kansas. Ya ƙona masara, ya hau keken doki, ya la'anci jirgin ƙasa yana kallon Baba Iddi. Ya bi ta hanyar Bichi, inda ya ce rana ta gasa masa ƙeya tun yana yaro. Tsofaffi suna jan carbi, mata suna leƙen kicin, shi kuwa murya sai ƙara tashi take.

“Wasu za su ce, wane ne Sha'aban? Me ya taɓa yi wa talaka? Ba zan amsa da baki ba. Ba zan nuna muku degree ba, ko da yake saura ƙiris. Abin da zan nuna muku ba a sayensa a shago. Ku buɗe ido da kyau. Duk abin da kuka gani a jikin abin da za a kawo yanzu, shi ne gumina, shi ne tarihina, shi ne iyakar abin da na yi wa al'umma a rayuwata. Ku auna ni da shi, kada ku ƙara, kada ku rage. A kawo shaida.”

Asama'u ta shigo a hankali kamar yadda aka umarce ta, ta tsaya a gabansa. Bai ko kalli tiren ba, idonsa yana kan kyamara. Ya kama bakin ƙyallen ya fizge.

Takalman suka bayyana suna ƙyalli har fitilun zauren suna rawa a jikinsu. Babu ɗigon ƙasa ko na rantsuwa. A gefen diddigen hagu ga farar takardar shago nan manne, da lambar ƙafa da 'yan layukanta, wadda taɓo ya daɗe yana rufa wa asiri. Kyamara ta yi walƙiya.

Jama'a suka buɗe ido da kyau yadda aka ce, suka auna, ba su ƙara ba, ba su rage ba. Sha'aban ya ga fuskokinsu ba irin waɗanda ya shirya ba ne, sai ya sunkuyo ya duba. Bakinsa ya buɗe, kuma a karon farko tun da muka san shi, babu abin da ya fito.

Baba Iddi mutum ne mai ladabi, ba ya son a bar baƙo cikin shiru. Ya ga mutum ya tara jama'a ya nuna musu sabon abu, ya kuma san abin da ake cewa in an ga sabon abu a jikin ɗan'uwa. Ya gyara tabarau ya leƙa.

“Masha Allah. Sababbi ne. Allah ya sa a kashe lafiya.”

“Amin,” in ji zaure baki ɗaya.

Hajiya Mubarika ta leƙo daga kicin tana murmushi, ta ce ba komai, ɗana, ai yi wa kai ne, in ya sake faɗawa ya kawo.

Aka zo zaɓe, na ɗaga hannu ne. Da aka kira sunan Baba Iddi hannuwa suka tashi har da na ɗaliban da suka zo cin shinkafa. Tsohon ya yi ajiyar zuciya ya shafa gwiwarsa. Sannan aka kira Malam Sha'aban Uba. Ya ɗaga nasa hannun, wanda dama kullum a shirye yake. Ya duba dama, ya duba hagu. Tikitin kawu, da motocin filin jirgi, da Honarabul ɗin da ya raɗa wa kansa, duk ya ga suna sulalewa. Sai ya juya can baya wajen mata, inda yake da tabbacin ƙuri'a ɗaya da aure ya ba shi.

Asama'u tana zaune a sahun ƙarshe, robar ice cream a kan cinyarta cike da baƙar ƙasa, ta rungume ta da hannu biyu. Ya ɗaga mata gira. Ya ƙara ɗagawa. Ta dube shi cikin ladabi irin na matar ɗan takara.

“Yi haƙuri, Malam,” in ji ta. “Da nauyi. In na saki zubewa za ta yi.”